Labarin sikof da ƙotar bindiga daga Texas, ga masu tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bauchi, musamman Kawu da su Yaya da kuke ta tambaya kan hoton filin harbi da na saka a Facebook. Toh ga bayani. Wannan harbin saiti ne na wasa, ba farauta ba, faranti na ƙarfe ake kafawa can nesa, yadi 600, 800 har 1000 wato wajen mita 914, mutum ya kwanta ko ya jingina bindiga da wani abu ya harba, in ya samu sai an ɗan jima ƙarar ƙarfen ta iso kunne. Har gasa suke yi ta ƙasa baki ɗaya, PRS ake ce mata, tun 2012 aka fara.

Kawu, kun ce ai duk sirrin yana cikin madubin hangen nan da ake ɗorawa a sama, sikof. Wlh ba nan yake ba. Zakaga mutum da sikof ɗin kamfanin Nightforce na sama da dala 3000 yana ta zubar da harsashi a ƙasa, ga wani dattijo kusa da shi da na kamfanin Vortex na 'yan ɗaruruwan dala yana ta buga ƙarfe. Bambancin dai shi dattijon bindigarsa ta zauna da jikinsa, ɗayan kuwa wuyansa a lanƙwashe yana leƙen madubi.

A shagon da nake zuwa kafin su sayar maka da zobban da ke riƙe sikof ɗin sai maƙerin bindigarsu ya ce ɗauko bindigar tukuna. Zai duba babu harsashi ciki, ya ce rufe ido, ka kafa gindinta a kafaɗa, ka kwantar da kunci a kan ƙota yadda ka ji daɗi ba tare da ka takura ba, sannan ka buɗe. In ka buɗe kaga da'ira cikakkiya fes ba baƙin inuwa a gefe, shikenan tsayin ya yi. In kuwa sai ka ɗaga kai ko ka danna kumatu da ƙarfi kafin ka gani toh akwai gyara, don duk harbin da za ka yi idonka ba zai dawo wuri ɗaya ba, kuma a yadi 800 wannan ɗan bambancin ya isa ka kuskure farantin gaba ɗaya. Kamar dai ƙotar fartanya ce, wadda ta yi wa dogo daidai ita za ta karya wa gajere baya.

Su zobban nan akwai gajeru, matsakaita da dogaye, amma kar wannan suna ya ruɗe ka don kowane kamfani da nasa awon, matsakaicin wani shi ne dogon wani, gara ka tambayi lamba. Da farko kaurin jikin sikof ɗin, akwai na inci 1, na milimita 30, na milimita 34, zobe dole ya dace da shi cif. Sai gilashin gaba, in milimita 56 ne toh da ƙarfen da ya kewaye shi yana kaiwa 64 ko 65, ka raba biyu, kenan tsakiyar sikof sai ta haura milimita 32 daga saman bututun bindiga, ka ƙara ɗan fili na murfi, ka kuma duba hannun da ake ja a ɗana harsashi ba ya gogar bayan madubin. Zobban suna hawa ne kan wani layin ƙarfe mai tsaga-tsaga, Picatinny, sunan wata ma'aikatar makaman soja ce a New Jersey, tun 1995 aka tsayar da awonsa, shi yasa zoben Sweden ke hawa bindigar Finland ba sai an kai wa mai walda ba. Wannan kam ya burge ni, mu da ko noti sai ka zaga kasuwar Wunti da Muda Lawal kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Tsofaffin maharban nan har gobe ra'ayinsu shi ne a sauke sikof ƙasa iya yadda zai yiwu, ya kusa taɓa bututu. A bindigar farauta mai ƙotar itace wadda ba ta motsi suna da gaskiya, tunda kunci ba zai iya bin madubin sama ba. Amma 'yan gasa sun bar wannan, da yawa suna ɗagawa inci 1.25 zuwa 1.5 don kai ya tsaya a miƙe, saboda ba kwance kaɗai ake harbi ba, za a ce ka harba a durƙushe, ka harba a kan taya, a kan tsani, a kan ganga, kuma da agogo. Ni ina tare da su, wuya in ya gaji ido ma gajiya yake. Tsayin ba ya ɓata saiti, aunawa kawai za ka yi daga tsakiyar bututu zuwa tsakiyar madubi ka shigar da lambar a manhajar lissafin harsashi ta waya. Abin da ke ɓata saiti shi ne bindiga ta karkace gefe ba ka sani ba, shi yasa kowa ke liƙa ɗan lebur mai kumfa irin na magina a jikin sikof.

Ƙotar kuma ita ce abin kallo. Ta kamfanin MDT na Kanada ko ta KRG, ko bindigar Ruger Precision da ta fito 2015 da kayanta a jiki, wurin kwantar da kunci yana hawa yana sauka da ɗan noti, gindin ma ana ƙara masa tsawo ko a rage. Yawancin bindigogin kanti tazarar kunama zuwa gindi wajen inci 13 da rabi ne, an yi shi don matsakaicin Bature, in kai gajere ne sai a cire faifai ɗaya ko biyu na ƙarin tsawon gindin. Wanda ba shi da kuɗin wannan sai ya sayi ɗan matashi na ɗaurawa, wasu ma soso suke naɗewa da salatif, kuma yana aiki ba wanda zai yi maka dariya. Sai tazarar ido da madubi, wajen santimita 9 zuwa 10, a cika zuƙowa har ƙarshe ake saita shi don a nan ne ya fi tsauri. In ka matso da yawa kuma bindiga mai ƙarfi ce, lokacin da ta daki kafaɗa bakin sikof zai sare maka gira, na ga masu tabon a filin nan.

Gaskiya maƙeranmu da ke haɗa bindigar toka ba su jahilci wannan ba, Kawu kun fi ni sani, in maharbi ya je akan duba tsawon hannunsa kafin a sassaƙa ƙota. Inda aka bar mu shi ne awo da kuma abin da ke biyo bayan ciniki. Nan ko ɗaure notin zobe da sukudireba mai ma'auni ake yi, yawanci 15 zuwa 18 a ma'aunin inci-fam, ya kai sai ta yi ƙas ta saki, don in ka matse da ƙarfin tuwo za ka lotsa jikin madubin. Kuma in ka sayi zobe ka je gida bai yi ba, yawancin shaguna za su canza maka in da rasit, ba wanda zai nuna maka rubutun kayan da ya fita ba ya dawowa. Vortex ma ko rasit ba sa nema, ya lalace ka aika su gyara ko su ba ka wani, sai dai in ɓata ya yi ko an sace. Amma fa kar ku ɗauka komai sauƙi ne, aikin hannu a nan tsada ne da shi na fitar hankali, maƙeri da awa yake caji, maɗaurin sikof na kamfanin Spuhr guda ɗaya ya haura dala 400, ku buga a naira ku gani. Mu can ka kai gyara a yi maka ana hira, wani lokacin ma a ce bar shi kawai.

Yaya, batun in saka maka ɗaya a jaka in zan zo, dan Allah a bar maganar. Fitar da sikof ɗin bindiga daga Amurka zuwa Najeriya sai da lasisin gwamnatinsu, ba kayan tsaraba ba ne. Ni kaina da na sayi bindiga sai da na cike fom 4473 aka binciki sunana, kuma mai bizar ziyara ko ta karatu a ƙa'ida ba a sayar masa sai in yana da lasisin farauta. A gida kuma dokar makamai ta 1959 tana nan, bindigar toka lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake, ta farauta ta zamani sai daga sufeto janar, irin ta soja kuwa sai shugaban ƙasa. Abin da zan iya kawo maka shi ne tabarau na hangen nesa na hannu, ya yi kyau da kallon giwaye a Yankari, ka faɗa min in kana so kafin in fara haɗa kaya. A gaida su Inna da yara.