Jakar wankin hanji mai mazurari, ga masu yara da spina bifida

Iyayen yara masu spina bifida (lalurar da ake haihuwar yaro ƙashin bayansa bai gama rufewa ba), kowa maganar tiyatar baya da shunt (siririn tiyon da ke janye ruwa daga kai) da katetar fitsari yake yi, amma ta bayan gida sai a yi shiru, alhali ita ce ke hana yaro zama a aji. Jijiyoyin da ke riƙe dubura ba sa aiki daidai, kashi ya taru ya yi tauri a ciki sai mai ruwa ya riƙa tsiyayowa ta gefe, uwa ta ɗauka gudawa ce ta ba da maganin tsayarwa, abu ya ƙara lalacewa. Ga oxybutynin, maganin mafitsara, shi ma yana ƙara taurin.

Jakar da muke amfani da ita ga ɗana asali ta masu kolostomi ce (waɗanda aka buɗe wa hanji ta jikin ciki don fitar bayan gida), likitan tiyatar yara ne ya ɗora mu a kai. Jaka ce mai ma'auni a jiki, da tiyo, da ɗan makulli na rage gudun ruwa, sai kan roba mai laushi siffar mazurari da ake shafa wa jel a riƙe a bakin dubura. Ana rataye ta a ƙusa, ruwa mai ɗumi ya sauka a hankali, yaro ya zauna minti 30 zuwa 45 komai ya fito. Yawanci ana lissafin mililita 10 zuwa 20 ne a kowane kilo na nauyin yaro, amma dan Allah likita ko nas ce za ta yanke, kuma a gabanta za ki fara koya. Ba sabulu, ba jiƙo, ba ruwan zafi.

Abin da ya fi burge ni, kan ba ya shiga can ciki shi ya sa hankalina ya kwanta, kuma ana wankewa a sake amfani da shi. Akwai wani kayan wankin hanjin, Peristeen na kamfanin Coloplast na Denmark mai famfo da balan-balan da ke riƙe kansa, yana da kyau ga babban yaro da ke son yi shi kaɗai, sai dai katetarsa sau ɗaya ake amfani da ita a yar, to mai ƙaramin ƙarfi ina zai iya.

Matsalar jakar tamu gaskiya hannu biyu ba sa isa, kina riƙe da kan kina lallashin yaro ruwa na dawowa ta gefe, makonnin farko wallahi da wahala kafin ciki ya saba. Kuma masai na tsuguno ba ya yi, dole a nemi fo mai ƙarfi ko kujerar bayan gida da abin ɗora ƙafa. Mu bayan abincin dare muke yi, lokaci ɗaya kullum, yanzu da wando yake tafiya makaranta ba famfas.

Kafin ki biya kuɗi ki duba kwalin ki tabbata ba latex (robar itace) a ciki, yaranmu sun fi kowa saurin kamuwa da alajinsa. In kin ga jini ko ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi bayan wanki, a tsaya a wuce asibiti nan take. Shagunan kayan asibiti da ke kusa da asibitocin koyarwa za ki tambaya, ƙananan kemis ba su cika ajiyewa ba, in kin samu ki haɗa da kan guda na ajiya.