Hoda, CO2 ko bargo: wanne kayan kashe gobara ya dace da mai zama a bene?

Mai zama a hawa na uku matattakala ɗaya ce tsakaninsa da ƙasa, tagoginsa kuma duk an dasa musu ƙarfe. Kafin ka fitar da kuɗinka, duba inda wuta ta fi tashi a irin wannan gida: man suya a kan gas, da soket ɗin da aka jibga wa hita da dutsen guga.

Tukunyar kashe gobara ta hoda, mai alamar ABC da shuɗin lakabi, ita ta fi yawa a kasuwa. Tana kashe wutar katifa, labule, fetur da kayan lantarki. Aibinta, a rufaffen ɗaki tana turnuƙewa har ka kasa ganin ƙofa, kuma garin yana lalata talabijin da kwamfuta. Mai kilo 6 ta ishi fulat guda. Mai kilo 1 ta mota ce, kar mai shago ya yi maka daɗin baki. Duba allurar agogonta tana kan kore, fil ɗin da hatiminsa ba a taɓa ba. Duk wata ka kife ta ka girgiza, don hodar kan dunƙule a gindi, ran buƙata iska kawai za ta fito.

Ta CO2, wato mai fesa iskar carbon dioxide, mai baƙin lakabi, ba ta barin datti, shi ya sa ake ajiye ta kusa da mita da inbata. Amma ba ta da agogo, sai an auna nauyinta ake sanin ko ta yoye. Mai kilo 2 kan ƙare cikin kusan daƙiƙa 10, bakinta yana yin sanyin da ke ƙona hannu, kuma katifar da ta kashe tana iya sake kamawa.

Man suya idan ya kama wuta a kasko, duka biyun ba su dace ba: ƙarfin feshin na iya watsa man a jikin bango. Ruwa kuwa ya fi muni, nan take wutar za ta kai silin. Bargon kashe wuta, mai mita ɗaya da ɗaya, shi ne maganin. Kashe gas, naɗe hannuwanka a gefen bargon, rufe kaskon, ka bar shi rabin awa ba ka ɗaga ba.

In kuɗin bai kai duka ba, fara da na'urar jin hayaƙi, don mai barci ba ya jin ƙauri. Ɗauki mai batir, tunda wutar NEPA ba tabbas, ka kafa ta a silin na barandar ɗakunan kwana, ba cikin kicin ba, in ba haka ba duk suya sai ta yi ihu har a gaji a cire batirin. Bayan shekara 10 a canza ta. Sai bargo, sannan hoda.

Rataye tukunyar a bakin ƙofar fita, ba a gindin murhu ba, yadda za ka fesa ƙofa tana bayanka. In ta ƙare wutar ba ta mutu ba, ja ƙofar ka rufe, ka buga wa maƙwabta, ka sauka ka kira 112.