Fiyano ko jita, ga mai son gane ginin kiɗan Turawa

Ɗan'uwa, fiyano za ka saya. Da a ce so kake ka riƙa kaɗa waƙoƙi a wajen hira, ko salon Buzayen Agadas ne ya tafi da hankalinka, da jita zan ce maka. Amma tunda tambayarka ita ce wanne daga cikin biyun zai fi nuna maka yadda rauji da haɗin sautuka suke aiki a kiɗan Turai, tun daga waƙoƙin coci na dā har zuwa su Mozart, to babu ja-in-ja. Duka biyun ina da su, kuma jitar ta fi zama a rataye.

Dalilin yana cikin tarihin kiɗan kansa. Farkonsa layi ɗaya ne, kowa a coci yana bin rauji guda, babu wani sauti a ƙasa ko a sama. A ƙarni na 11 Guido, wani malamin coci na garin Arezzo a Italiya, ya tsara rubuta sauti a kan layuka, ya kuma raɗa wa sautuka shida suna: ut, re, mi, fa, sol, la. Ut ɗin ne ya koma do a ƙarni na 17, sol shi ne so, an kuma ƙara na bakwai, ti. Wajen shekarar 1200 Pérotin na cocin Notre-Dame a Paris ya kai ga jera muryoyi huɗu a lokaci guda, kowacce da tata tafiyar. Daga wajen 1600 sai abin ya sake salo, rauji ɗaya ya hau sama, sauran sautuka suka koma masu tallafe shi daga ƙasa, wato abin da makaɗa ke kira kod. A 1722 Rameau ya fitar da littafinsa na ƙa'idojin kod a Faransa, a shekarar ce kuma Bach ya haɗa kundinsa na farko da ya ratsa dukkan ki 24, wato jerin sautukan da ake gina kiɗa a kansu, 12 na nau'in mejo da 12 na nau'in maino. Ka ga kusan duk labarin na layuka biyu ne ko fiye suna tafiya tare, don haka kana bukatar kayan kiɗan da hannuwanka biyu duk suke fitar da sauti.

A kan fiyano za ka iya bin waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya da yatsunka. Fara daga do, wato farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu masu jere, ka bi fararen maɓallai zuwa do na gaba. Idan ka ƙirga taku har da baƙaƙen, za ka samu 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Gajerun takun nan biyu, tsakanin mi da fa da kuma tsakanin ti da do, ido ma yana ganinsu, domin nan ne babu baƙin maɓalli a tsakani. Sai ka danne do da hannun hagu ka riƙe, hannun dama yana yawo a sama, ka ji inda sautukan suke jituwa da inda suke gogayya. Wannan na daga cikin hanyoyin da aka fara haɗa muryoyi biyu da su. Bayan nan ka haɗa do, mi, so: taku huɗu sannan uku, mejo ke nan. Sauke mi da taku ɗaya, ya zama uku sannan huɗu, ka shiga maino. Yatsa ɗaya ka motsa, yanayin kiɗan gaba ɗaya ya canza. Na ƙarshe, danna so, ti, re, fa tare, ka koma do, mi, so. Ti zai hau do, fa zai sauka mi, kowanne da taku ɗaya. Wannan saukar ita ce rufin mafi yawan abin da Haydn da Mozart suka rubuta.

Bach ma ta haka ya koyar da ɗansa. A 1720 ya buɗe wa babban ɗansa Wilhelm Friedemann littafin darasi, yaron yana da shekara tara, ya riƙa rubuta masa gajerun kiɗe-kiɗe masu murya biyu, hagu tana amsa wa dama. A 1723 ya gyara su ya jera, 15 masu murya biyu, 15 masu murya uku, ya rubuta a gaba cewa babban abin nema shi ne mai koyo ya sa kayan kiɗan ya yi kamar yana rera waƙa. Har yau da su ake horar da ɗalibai, kuma takardunsu kyauta ne a intanet.

Kada wani ya ce maka sai mai maɓalli 88. Wannan adadin sai a shekarun 1880 ya zauna. Fiyanon zamanin Mozart maɓalli 61 gare shi, kuma kiɗe-kiɗen Bach ɗin nan ba sa cika hakan ma. Abin da ba za ka yi sassauci a kansa ba shi ne maɓallin ya san nauyin yatsa, ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, ka danna da ƙarfi ya ɗaga. Don wannan ɗin Cristofori ya ƙirƙiro fiyano a Florence wajen 1700, domin wanda ake kaɗawa kafinsa tsinkar waya yake yi, ƙarar ɗaya ce ko yaya ka danna. Raujin da ba ya hawa da sauka a ƙarfi ba shi da rai. Yamaha PSR-E373 da Casio CT-S300 duka suna da wannan, maɓalli 61, kuma suna iya fitar da sauti 48 a lokaci guda. PSR-E273 ya fi araha amma ba ya jin nauyin yatsa, ka bar shi. Ka haɗa da feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ci gaba bayan ka ɗaga yatsa. Kuma ka kashe kiɗan rakiyar nan mai bin kansa, wanda ake dogara da shi a situdiyo, domin shi zai yi aikin hannun hagunka kai kuma ka tashi ba ka koyi komai ba.

Jita fa, ba a ce ba ta da amfani. Ba ta neman wuta, tana shiga ko'ina. Sai dai yatsu huɗu ne kawai suke danne tsirkiya, iyakarta sauti shida, kuma sauti ɗaya yana iya zama a wuri biyar daban-daban a wuyanta, ga shi abin da take fitarwa yana ƙasa da abin da aka rubuta da zango guda, wato tazarar do zuwa do na gaba. Mai koyo yakan haddace siffar yatsu ba tare da ya san sautukan da ke cikin kod ɗin ba. Iskar hunturu kuma tana tsaga katakonta tana lanƙwasa wuyan.

Wani abin da ba ka tambaya ba: masu sayarwa. Akwai masu manna sunan babban kamfani a jikin fiyanon wasan yara. Juya shi ka duba takardar da ke ƙasa mai lambar samfuri da lambar ƙira, ka nemi samfurin a shafin kamfanin. Ƙirga maɓallan da kanka, mai 54 yana yawan wucewa a matsayin mai 61. Idan na hannu ne, danna kowane maɓalli sau biyu, a hankali da kuma da ƙarfi. Akwai roba mai tuntuɓa biyu a ƙarƙashin kowanne, idan ƙura ta shiga sai ka ji wani ya yi shiru ko yana ƙara ɗaya mai ƙarfi kullum. Goge wurin da sifirit yakan gyara shi, amma dalilin rage kuɗi ne, kada a ce maka zai warware da kansa. Adafta ma ana musanya ta: Yamahan nan bolt 12 yake ci, Casion 9.5, an rubuta a gefen ramin. Kada ka yarda a gwada maka da batir sannan a miƙo maka adafta a leda, a jona ta a gabanka. Duka biyun suna aiki da batir shida ƙanana, don haka ranar da aka tayar da janareto mai wasa da wuta, zare adaftar ka koma batir.