Rawar ƙauye a hannun Rubens da Claude Lorrain

Masu zane biyu na ƙarni na 17 sun zana mutane suna rawa a fili, amma kowa da abin da ya ja hankalinsa.

Peter Paul Rubens, mutumin birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam ta yau, ya yi nasa wajen shekarun 1630, kuma yanzu yana gidan tarihi na Prado a Madrid. Maza da mata sun riƙe hannun juna, sun yi zobe suna juyawa da gudu, jiki na murɗewa, tufafi na tashi. Mai busa sarewa ya haye bishiya, kare yana ta tsalle a gefensu. Mutanen sun cika zanen, har ka ji kamar za su ja ka ka shiga layin.

Claude Lorrain kuwa, Bafaranshen da ya zauna a Rum, ya zana nasa a 1648, zanen yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan. Sunan zanen auren Ishaƙu da Rifkatu, amma mutanen ƙanana ne ƙwarai. Wasu na rawa, sauran na zaune a inuwa suna kallo. Kogi mai faɗi, injin niƙa na ruwa, manyan bishiyoyi da duwatsu can nesa su suka mamaye wurin, hasken rana kuma ya lulluɓe komai.

Ni dai na Rubens ya fi shiga raina. Wajen Claude na kan daɗe ina kallon kogin kafin in tuna akwai masu rawa.