Tekun Jirgin Type VIIC: Rezin Za Ka Zuba ko Soso da Jel?

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya me ya fi dacewa ka yi teku da shi wa ƙaramin samfurin jirginka na ƙarƙashin teku, Type VIIC. Tsakanin zuba rezin, wato ruwan roba da ke daskarewa garau kamar gilashi, da sassaƙa teku a kan soso ka bi shi da jel na masu zane, ka ɗauki soso. Kuɗin da ka ware wa rezin ka sayi jel mai kyau da fentin mai na masu zane kala uku, abin da ya yi saura ka ba mai gilashi ya yanka maka murfi.

Mu fara da lissafi. Jirgin kamfanin Revell ɗin da ka saka hotonsa na sikelin 1/144 ne, wato an rage girman na ainihin sau 144. Na ainihin tsawonsa mita 67 da ɗoriya, faɗinsa mita 6.2, abin da ke shiga ruwa idan yana tafiya a sama kuma kimanin mita 4.7. Da ka raba da 144 za ka ga naka ya kai santimita 46 da rabi a tsawo, cikinsa kuma na buƙatar ruwa mai zurfin santimita 3 da ɗan wani abu kafin ya zauna daidai. Allon da zai ɗauke shi ya bar masa fili gaba da baya ba zai gaza santimita 60 da 20 ba. Ka ce za ka zuba zurfin santimita 5, lita 6 ke nan, nauyinsa ya haura kilo 6. Je ka tambayi kuɗin lita ɗaya, sannan ka dawo mu ci gaba da magana.

Abin da ya fi lissafin muhimmanci a wurina shi ne irin ruwan da jirgin ya yi aiki a kansa. Mutane suna jin an ce jirgin ƙarƙashin teku sai su ɗauka kullum a nitse yake. Type VIIC, wanda Jamus ta ƙera guda 568 tsakanin 1940 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi da injin dizal. A sama yana gudun not 17 da ɗoriya (not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa), kuma idan ya tafi a hankali, a kan not 10, zai ci mil 8,500 na teku. Da ya nitse sai ya koma kan batir: iyakar gudunsa kimanin not 7 da rabi ne, kuma ko a not 4 ya lallaɓa, mil 80 kawai zai yi batirin ya nemi caji. Saboda haka hoton da ya fi gaskiya shi ne jirgin yana keta Arewacin Atilantika, ruwa na hawa doronsa, mutum huɗu ko biyar a kan hasumiya suna duban nesa. Wannan ruwan kuwa ba a hango cikinsa. Launinsa tsakanin toka da kore mai duhu ne, ga kumfa ta yi masa zane. Duk tsadar rezin a kan abu ɗaya take, wato a ga abin da ke ciki, kai kuma tekun da kake son yi ba shi da cikin da za a gani.

Ga yadda nawa ya kasance. Soso mai tauri na XPS na samu, irin wanda masu gini ke sa wa a bango don tare zafi, mai kaurin santimita 5, na manna shi a kan falanki da farin gam na kafintoci. Idan bai samu ba, farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji ma zai yi, sai dai yana marmashewa, dole ka lulluɓe shi sosai. Na ɗora jirgin na zana siffarsa da biro, na fafe rami, na ɗan karkata shi yadda goshinsa zai ɗaga sama kuma ya jingina gefe kaɗan. Wannan 'yar karkatar ita ce ke sa mai kallo ya ji jirgin tafiya yake. Manyan igiyoyin ruwan da wuƙa da sanfefa na fitar da su, dogaye masu faɗi, biyu kacal a duk allon. Kada ka cika su. A sikelin nan igiyar da ta kai mita 3 santimita 2 ce kawai.

Kafin in taɓa gam na naɗe cikin jirgin da siririyar leda na mayar da shi raminsa. Daga nan sai tishu: ka shimfiɗa falle, ka jiƙa shi da gam da aka sirka da ruwa, ka bi da buroshi mai laushi kana tura shi yana tattarewa. Bayan cokali na yi amfani da shi wajen danna tishun a jikin jirgin har babu rata. Da ya bushe na zare jirgin, ramin ya fito daidai jikinsa, na yi fentin teku hankalina kwance ba tare da tsoron ɗiga a kan aikin da na gama ba. Fentin akirilik kawai za ka sa a nan. Fentin feshi na gwangwani, da tina mai sirka fenti, da sufa gulu, duk suna cinye soso. Launi kuwa ka fara da mai duhu ƙwarai a kwarin igiya, kana hawa kana ƙara kore da ɗan fari, kusa da jikin jirgi da bayansa ka sa kore mai haske, domin nan ne ruwa ke gauraye da iska. Sai jel. Na Liquitex mai kauri mai sheƙi nake da shi, na Vallejo da na AK Interactive ma masu wannan sana'a suna yabon su. Fari ne idan ka shafa, yana bushewa ya koma garau. Ka shafa shi siriri, ka bari ya washe, ka ƙara wani. Idan ka labta da kauri samansa zai bushe, cikinsa ya daɗe da farinsa.

Wani kawuna da ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya zo gidan ina tsakiyar sa kumfa. A lokacin auduga na ɗora fal a goshin jirgin. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, ruwa ba ya tsayawa a gaban jirgi haka. Yana hawa ne ya naɗe ya kwanta baya, kumfar kuma ta watse kamar zanen kitse a jikin nama.” Ya karɓi tsinken sakace ya zana mini a kan jel ɗin da bai bushe ba yadda layin ke buɗewa daga goshi zuwa gefe biyu. Na rage audugar ta koma 'yan zare-zare da na jiƙa da jel, sauran kumfar na ɗiɗɗiga ta da farin fenti a bakin tsohon buroshi. Tun daga ranar idan ya zo sai ya ce a sauko masa da jirginsa. Da rezin ne na zuba, da gyaran nan bai yiwu ba, domin shi da ya daskare magana ta ƙare. Soso da jel kuwa ko bayan wata guda ka ga abin da bai yi maka ba, sai ka kankare ka sake.

Tunda na ga ba ka fara tsufar da fentin jirgin ba, wato sa masa alamun tsatsa da koɗewa, ka gama shi tsaf kafin jirgin ya shiga raminsa na ƙarshe. Wata ribar soso ke nan: rabin cikin jirgin a ɓoye yake, ƙarfinka sai ya tafi kan abin da ido zai gani. Saman jirgin toka ce, mai haske ko mai ɗan duhu gwargwadon jirgi da shekara, ƙasansa kuma toka mai duhu sosai, ba ja ba kamar yadda wasu ke yi. Ka bi shi da banish mai sheƙi na akirilik, ya kwana, sannan ka ɗauko fentin mai: ja mai launin tsatsa, ruwan ƙasa mai duhu, da fari. Dogon layin ramukan nan da ke gefen jirgin, ta nan ruwa ke shiga ya fita tsakanin rufin waje da ainihin gangar jirgin, kuma daga bakinsu tsatsa ke zubowa. Ka ɗiga ɗigo ƙarami kamar kan allura a ƙarƙashin rami, ka jiƙa buroshi mai faɗi da tinar fentin mai, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka ja ƙasa sau ɗaya. Ba kowane rami ba. Uku a nan, ka tsallake bakwai, ɗaya a can. Jiragen nan ana gyara su ana sake musu fenti a tashoshin Lorient da Brest da Saint-Nazaire na Faransa tsakanin fita da fita, don haka wanda ya dawo daga sintiri yakan koɗe, gishiri ya yi masa fari-fari, fenti ya ɗaɗɗaye a hasumiya, amma bai zama ɓaraguzan ƙarfe ba. Yawancin doronsa katako ne da aka shafe da baƙin maganin hana ruɓewa, kada tsatsa ta hau wurin. Inda ƙafa ke yawan bi, kewayen bindigar nan mai milimita 88 da bakin ƙofofi, sai ka ɗan fito da ruwan ƙasa. Baƙin hayaƙin dizal kuma can wajen baya yake, a gefe biyu, dab da ruwa.

Hotunan lokacin yaƙi za ka riƙa dubawa. Jirgin U-995 da ke ajiye a Laboe kusa da Kiel a Jamus shi kaɗai ya rage a duniya cikin dangin Type VII, yana da amfani wajen ganin siffa, amma fentinsa na gidan tarihi ne, kuma shi VIIC/41 ne, hasumiyarsa ta ƙarshen yaƙi ce.

Abin da ya fi burge ni a aikin duka shi ne ruwan da ke kwararowa daga ramukan idan goshi ya ɗaga. Ka yanka farar leda mai ɗan tauri siri-siri, ka maƙala daga bakin rami zuwa fuskar teku, ka shafa jel, ka taɓa ƙasan da fari. Doron kuma ka sa masa banish mai sheƙi a inda igiya ta wanke, hasumiya ka bar ta ba sheƙi.

Rezin kuwa ina da shi, ragowar na nan a kan kanta. Ba ya yin igiya, a kwance yake daskarewa, ƙarshe sai ka koma ga jel ɗin dai. Yana hawa jikin jirgi ya bar baki. Jirgin da cikinsa iska ce yana tasowa sama idan ba a ɗaure shi da kusa ba, kumfa kuma ta riƙa fita ta ramuka. Idan ya sha rana, da daɗewa sai ya koma rawaya. Yabo ɗaya zan yi masa: wanda ke son nuna jirgi a nitse, ko a tsaye a tasha inda ruwa ke kwance, ba shi da abin da ya fi shi. Ko a tashar ma milimita 3 zuwa 5 a kan allon da aka yi wa fenti ya wadatar.

Akwai kuma zafinmu. Rezin na ifoksi da kansa yake ɗaukar zafi idan yana daskarewa, kuma iya kaurinsa iya zafin. Lokacin da masu yin sa ke rubutawa a jikin kwalba na ɗaki ne mai digiri 20 zuwa 25. A bazararmu, ɗaki na neman 40, yana kamawa da sauri fiye da haka, robar jirgin kuma tana saki a wajen digiri 100, siraran sassa ma tun kafin nan. Jel shi ruwa ne kawai ke fita daga jikinsa. Abokin gabarsa ɗaya ƙurar hunturu, ita ma kifa kwali a kai ya raba ku.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Rezin iri biyu ne: na shafe fuskar tebur, wanda galibi ake haɗa ruwansa biyu a awo ɗaya da ɗaya kuma 'yan milimita kawai ake zubawa, da na zuba mai zurfi, wanda galibi biyu da ɗaya ne kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya daskare. Wani ya sayar mini da na farkon a matsayin na biyun, a cikin jarkoki marasa takarda, ya rantse mini zai ɗauki kowane zurfi. Ya yi zafin da ba a iya taɓa gefen akwatin, doron wani ƙaramin jirgina na 1/350 ya lanƙwashe a ciki, da na kira shi kuma ya daina ɗauka. Mafi muni su ne masu ba ka rezin na foliyesta, na masu aikin faiba, su ce duk ɗaya ne. Za ka gane shi da wari mai hawa kai da 'yar ƙaramar kwalbar da ake ɗigawa. Sinadarin sitirin da ke cikinsa yana narkar da soso, yana kuma cin irin robar da aka yi jirginka da ita. A wajen jel ma akwai masu ɗura farin gam a roba su kira shi jel ɗin ruwa. Na gaske idan ka ɗebo da cokali ka ɗaga, tsininsa na tsayawa, gam kuwa kwanciya yake.

Duk abin da ba shi da takardar kamfani da adadin haɗi a jikinsa, ka bar wa mai shi. Wanda ka samu kuma, ka ce ya turo maka hoton gaba da bayan robar, ka saka mana a nan mu duba kafin ka tura masa ko kwabo.