Mai haɗa kejin zomaye na gefen 'Yan Katako: keji ya yi, harawa ta yi, amma dusar katakon nan a'a

Masu tambayata inda na samo kejin zomayena, toh ga bayani. Wani dattijon kafinta ne can gefen kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, shagon ba wani babba ba ne, rumfar kwano ce da benci da zarto da tarin katako, amma shi da kansa yana kiwon zomaye a bayan shagon, kuma wannan ne ya raba shi da sauran kafintocin da in ka ce a yi maka keji sai kawai su buga maka akwati su liƙa raga su miƙo maka. Bayan keji yana sayar da harawa da ɗanyen ganye da dusar katako ta shimfiɗa, duka na gwada, kuma ba duka ne suka burge ni ba gaskiya.

Kejin dai ba ni da abin cewa sai sambarka. Abin da mutane da yawa ba sa lura shi ne zomo gidansa yake ci. Haƙoransa 28 ne kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaban nan kusan milimita 2 suke ƙaruwa duk sati, dole ya samu abin gwaigwaya ko ka ba shi ko ya nema da kansa, kuma abin da ya fi kusa da bakinsa shi ne katakon kejin. Ga shi zomo ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiye ya tafi ke nan. Toh ka duba yadda kafintocinmu suka saba, saboda tsoron gara komai sai an shafe shi da baƙin mai na mota ko maganin gara irin su Solignum, a rufin ɗaki wannan daidai ne, amma a cikin keji fa? Da na yi masa maganar gara sai ya ce min "ɗana, ƙafafun kawai zan shafa wa daga ƙasa, inda bakinsu ba ya kaiwa, ka ɗora su kan bulo, cikin kuwa ko ka biya ni ba zan shafa ba." Na ce Baba yadda ka gani. Haka ya yi kuma har yau gara ba ta hau ba.

Da malaina ya yi jikin, tsuran katako babu fenti babu banish, sai ƙasan ya jera tsagaggiyar gora a gefe ɗaya raga a ɗaya gefen, don kashi ya riƙa zubewa su kuma su samu wajen hutar da ƙafa, domin zama kan zallar waya yana cinye musu gashin tafin ƙafa har ya zama gyambo. Filawud da katakon nan na MDF da ake yin kabad da shi ya ce ba ruwansa da su, kuma yana da gaskiya, gam ne da sinadarin fomaldihaid a ciki, fitsari na taɓa shi ya kumbura ya fara marmashewa su kuma su bi suna ci. Tsofaffin ƙofofi masu fenti da wasu ke sayowa don araha su ma haka, tsohon fenti wani akwai dalma a ciki. Itacen turare ma ba ya sawa saboda man da ke jikinsa mai ƙarfi ne. Wani abin da na yaba, ragar ta ciki ya buga ta ba ta waje ba, ta rufe yawancin katakon, kuma duk ƙusa ya lanƙwashe bakinta, na sa hannu na shafa kusurwa kusurwa ban ji abin da ya soke ni ba.

Rufin kwano ne amma ya shimfiɗa zana a ƙarƙashi, wanda ya san zafin Kano na watan Afrilu da ake haura digiri 40 ya san amfanin wannan, zomo daga 30 ya fara wahala.

Ya kuma haɗo min da 'yan sandunan gwaiba busassu kyauta, ya ce in riƙa jefa musu. Wallahi tun da na sa su suka rage bin jikin kejin, za ka ga uwar ta dafe sandar da ƙafafun gaba tana ɓare ɓawon kamar mai shan rake, kafin kwana biyu ta koma fara tas.

Sai harawa. Ta gyaɗa da ta wake yake kawowa, kuma mai kyau ce, ganyen na jiki bai kakkaɓe ya bar kara zalla ba, launinta da sauran kore, in ka tura hanci ƙamshi za ka ji ba warin ruma ba. Wannan ku kula da shi ko a ina za ku saya, harawar da ruwa ya daka ta yi fumfuna tana kashe zomo, kuma busasshen abinci irin wannan shi ne ya kamata ya zama mafi yawan abin da suke ci kullum, ba dusa ba ba karas ba, duk da yara sun ɗauka karas ne tuwon zomo. Zaƙi ya yi masa yawa, ɗan yanki ya isa, ganyen karas ɗin ma ya fi shi amfani.

Ɗanyen ganyen ɗauri ɗauri yake, yawanci ganyen dankalin Hausa da zogale da harantama, wani lokacin da ganyen gwanda ko na ayaba, da damina kuma kyasuwa. Duka waɗannan lafiya lau ne kuma kusan kowa zai iya shuka su a ɗan lambun bayan gida, musamman dankalin, reshe ɗaya ka binne ya malale maka fili. Shawararsa da na ɗauka ita ce kar a ba su ganye da raɓa ko jiƙe sharkaf, a baza shi a inuwa ya sha iska ya ɗan yi yaushi, kuma sabon ganyen da ba su saba ba a fara da kaɗan a ga yadda kashinsu zai fito, in ya fito ƙwaya ƙwaya busasshe toh a ci gaba. Kabeji da alayyahu kaɗan kaɗan, kabejin yana kumbura musu ciki.

Amma fa a nan ne na samu matsala ta farko. Ba Baban ne ke ɗaura ganyen ba, yaronsa ne ke zuwa lambu ya yanko, kuma yaron hannu kawai yake sawa ya yayimo. Na kwance wani ɗauri na tarar da ganyen tumatir a ciki har da wani ɗan tsiron zurma mai ganye kamar tafin hannu a tsakiya. Ganyen tumatir da na dankalin turawa guba ne ga zomo, zurma kuwa ba a ma magana, haka zaƙami da tumfafiya da bini da zugu, su ne ke fitowa a gefen lambu da juji da shinge ba mai shuka su, ga albasa da tafarnuwa da ganyen fiya da ɗanyen ganyen rogo su ma a nisanta. Kuma kar wani ya ce ai dabba ta san abin da zai cuce ta, zomon da aka haifa a keji duk abin da ka tura masa ci zai yi. Na mayar masa da ɗaurin, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana ya canza min wani, ban ji daɗin tsayuwar da na yi ana yi wa yaro faɗa ba amma dai ya karɓi gyara. Duk da haka ni yanzu kowane ɗauri sai na baje shi a tabarma na tsince na wanke, don ko ba gubar ganye akwai maganin feshi.

Dusar katakon kuwa ita ce ban ba kowa shawara ba. Sharar gidan injin yankan katako ce ake kwasowa a buhu, komai na ciki, maɗaci ne loko ne, wanda aka shafa wa magani ne, garin MDF ne, ba mai iya rabewa, kuma laushinta ya yi yawa, kana zazzagewa ƙura na tashi kai kanka sai ka yi atishawa balle zomo da hancinsa ke ƙasa kuma ta hanci kaɗai yake numfashi. Na faɗa masa, ya ce masu kaji ne suka fi saya shi ya sa yake ajiyewa. Ni dai na koma bambaron shinkafa da busasshiyar ciyawa, musamman a akwatin haihuwa, ko sun ci ba komai.

Kuɗinsa ya ɗan fi na sauran kafintoci kuma ba ya son dogon ciniki, sannan alƙawarin kafinta dai kun san shi, ranar da ya ce in zo ko rufi bai buga ba. Ba ya kai wa mutum gida, kai za ka nemi a daidaita ko kurkura, kuma ku auna faɗin ƙofar gidanku kafin ku ba shi awo don ba ya yin mai kwancewa. In za ku ba shi aiki ku ce ya sa muku farantin kwano mai jawowa a ƙarƙashi na tarar kashi da fitsari, sai an roƙa yake sawa kuma da ɗan ƙarin kuɗi, takin kuma kai tsaye za ku zuba wa zogalen da dankalin.