Darasi ɗaya a ajin 'ya'yan talakawan Landan

Ni da 'yata mai shekara tara muka je gidan tarihin Ragged School Museum da ke titin Copperfield a gabashin Landan. Ginin da can sito ne a bakin ruwan Regent's Canal. A 1877 Dokta Thomas Barnardo, haifaffen Dublin, ya mayar da shi makarantar kyauta ga yaran da iyayensu ba su da ko kwabon biyan kuɗin makaranta, ana karatu a ciki har 1908. Sunan ma, wato "ragged" mai nufin mai tsumma, daga tsummokaran jikin yaran ya samo asali.

Abin da ya kai mu shi ne darasin kwaikwayon yadda ake koyarwa a wancan zamanin. Aka jera mu a kan tsofaffin bencina masu haɗe da tebur, kowa aka miƙa masa ɗan allon dutse. Malamar ta shigo da doguwar riga har ƙasa, sanda a hannu, fuskar nan ba annuri. "A miƙe! A nuna hannaye!" Ta bi layi tana duba farce. Ni da girmana sai da na ɓoye nawa.

'Yata bahaguwa ce. Tana ɗaukar alƙalamin da hagu malamar ta tsaya a kanta, ta ce a wannan aji da dama ake rubutu. Yarinyar nan ta ciji leɓe, ta zana harafin farko a karkace kamar sawun kaza. Sai lissafin tsohon kuɗi: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ana maimaitawa da murya ɗaya. Wani baban yara ya kuskure, aka kifa masa doguwar hular daƙiƙai, aji ya fashe da dariya, kallo ɗaya ta yi mana muka yi tsit.

Ba tsawar ce ta tsaya mini a rai ba. Yawancin yaran da suka zauna a nan yunwa da sanyi ne suka kawo su, don makarantar tana ba da abinci, ga wuta a lokacin hunturu. Tilasta zuwa makaranta a Ingila sai 1880, karatun firamare kyauta kuwa sai 1891.

In yaronki bai kai shekara bakwai ba, ko mai saurin kuka ne, ki gaya masa tun daga gida cewa wasa ne. Tawa dai har yanzu, in ƙanenta ya yi ƙiriniya, kwali take naɗewa ta kifa masa a ka.